Kiamwitha a Kan Sikeli

Jotham Ireri Mvungu,
Shugaban Ƙungiyar Masu Amfani da Ruwa ta Kiamwitha,
Akwatin Gidan Waya 41,
Kiamwitha.

Litinin, 3 ga Yuni, 2024.

Zuwa ga:
Mista Barnabas Sawe,
Daraktan Asusun Rancen Ruwan Ƙauyukan Tudu,
Ofishin Yanki.

Ta hannun: Cif na Kiamwitha (ya karanta, ya buga hatimi, ya roƙi kada a sa sunansa a cikin rigimar).

Yallaɓai,

GAME DA: ƘIN AMINCEWA DA RANCE KASHI NA BIYU, FAYIL MAI LAMBA KM/117, DA NIYYAR RUFE SHI RANAR 28 GA YUNI, 2024

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatan ofishinka, har da mai gadin ƙofa wanda yanzu ya san ni da suna.

Ni ne mai suna a sama, shekaruna saba'in da ɗaya. Na yi shekara talatin da huɗu ina magatakardan awo a rumbun kofi na ƙungiyar manoman garinmu, kuma har na ajiye aiki babu manomin da ya taɓa cewa na ci masa giram ɗaya. Na faɗi haka ne don ka san wanda ke yi maka maganar alƙaluma, ba don yabon kai ba, ko da yake matata za ta ce maka duka biyun ne.

Taƙaitaccen zancen shi ne: da rancenku aka gina mana tankin ruwa na mutum dubu ɗaya da ɗari tara. Mun fi haka nesa ba kusa ba. Mun nemi rance na biyu don a ƙara tanki, ofishinka ya ƙi, kuma an ce ranar 28 ga wannan wata za a rufe fayil ɗinmu. Tare da takardar nan akwai wata jakar wake. Ina roƙo kada kowa ya dafa shi kafin ka kai lamba ta 7.

1. Zan fara da godiya, don kada a ce mutanen Kiamwitha butulai ne. A watan Nuwamba na 2020 muka nemi rance daga Asusunku, daga baya aka ba mu shilin miliyan goma sha takwas, a biya cikin shekara goma sha biyar, da ƙarin kashi uku cikin ɗari. Jami'inku ya tara mu a gindin bishiyar ofishin Cif ya yi mana bayani: gwamnati ta zuba kuɗi a Asusu, Asusu ya ranta wa gari, gari ya yi aikin ruwa, mutane su riƙa biyan kuɗin famfo duk wata, abin da aka mayar kuma a ranta wa garin da ke biye a layi. Ya yi awa biyu yana zana kibiyoyi a allo kafin ya ce, "A taƙaice dai adashi ne, garuruwa ke zubi." Mata suka ce ai da tun farko ya faɗi haka da ba a sha rana ba.

Da kuɗin aka tare ruwa daga Kogin Mukuria, aka gina matatar yashi da ɗakin zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, da tanki mai cin lita dubu tamanin, aka shimfiɗa bututu kilomita goma sha ɗaya, aka sa mita a kowane gida. Filin tankin ni na bayar kyauta, a bayan gidana, na sare bishiyoyin fiya uku masu ba da 'ya'ya. Aikin ya yi kyau, ruwan garau yake, kuma daga ranar da aka fara biya zuwa yau ba mu taɓa makara ko wata ɗaya ba. Ka sa a duba.

2. Kafin a zana aikin, ofishinka ya turo Malama Adhiambo, yarinya mai ladabi 'yar yankin bakin tafki, ba 'yar nan ba, ta bi gida-gida daga 9 zuwa 20 ga Maris, 2021, tana tambayar mutum nawa ke kwana a kowane gida, saboda sashe na 14 na ƙa'idarku ya ware wa kowane mutum lita arba'in a rana. Ba ƙararta na kawo ba. Aikinta ta yi, har takalminta ya ɓalle a hanyar Unguwar Tudu.

Abin da ba a gaya mata ba shi ne, mu a nan ba ma ƙirga mutum. Ba ma ƙirga 'ya'ya, ba ma ƙirga jikoki, tsofaffinmu ko awaki ba sa ƙirgawa da baki. A wurinmu wanda aka ƙirga an nuna shi, wanda aka nuna kuwa ana iya ɗauke shi. Fasto ya yi wa'azi a kai, malaman makaranta sun yi dariya, mu ma mun taya su. Amma ka tare malamin makarantar ka tambaye shi 'ya'yansa nawa, ka ga yadda zai fara ba ka labarin farashin taki.

Misali ɗaya ya isa. A gidan tsohuwa Wambeti, Malama Adhiambo ta ce, "Kaka, ku nawa ne a gidan nan?" Wambeti ta ce, "Muna nan dai, 'yata." Ta ce, "To, kamar mutum nawa?" Wambeti ta ce, "Ba mu da yawa. Zauna ki sha shayi, kin rame." Ita kuwa na'urar da ke hannun yarinyar ba ta karɓar "ba mu da yawa", lamba take so. Sai ta dubi tsakar gida, ta ga Wambeti da surukarta da jariri, ta danna uku. Lokacin ƙarfe goma na safe ne, yara suna makaranta, manya suna gonar kofi. Gidan Wambeti, Yallaɓai, tukunyar masara da wakensu sai mutum biyu suke iya sauke ta daga murhu.

Mbuko na Unguwar Gangare kuwa ce mata ya yi su huɗu ne, har da dafa ƙirji, alhali ranar Lahadi iyalinsa benci biyu suke cikawa a coci, ƙananan kuma a cinya. Haka aka yi ta yi har aka gama gari, jimilla ta tashi dubu ɗaya da ɗari tara, a kan wannan lamba kuma aka auna matata da tanki.

Ni ne na raka ta. Ni ne tafinta, ni na riƙe mata lema. Na san kowane gida, na ji kowace amsa, ban ce uffan ba. Da muka zo gidana na ce mata mu biyu ne, ni da matata Marigu. Zan dawo kan wannan a gaba. Idan dariya kake son yi, ka yi yanzu, ina jira.

3. An buɗe aikin ranar Juma'a, 18 ga Agusta, 2023, da kiɗa da yankan bunsuru. Ranar ruwa ya isa kowane gida, don kuwa rabin gari yana wajen bikin. Daga washegari gaskiya ta fito. Matatar lita dubu tamanin take tacewa a rana, ba ta ƙarawa. Unguwar Gangare tana ƙasa, ruwa can yake fara gangarawa. Mu na Unguwar Tudu da ke kusa da tankin, sai ya cika har wuya muke samu, kafin ƙarfe bakwai da rabi kuwa ya sauka. Gida ɗari biyu da goma sha biyu ke nan (gidaje muna ƙirgawa, ba su da rai).

Kullum da safe ina jin ƙarar ruwa yana zuba a tanki a bayan ɗakina, a inda bishiyoyina suke a da. In na murɗa famfona sai ya yi tari, ya yi atishawa, ya yi shiru. Mitar da kuka sa kuwa ba ta bambanta ruwa da iska, duk abin da ya wuce juyawa take yi. A watan Oktoba an kawo mini takardar kuɗin ruwa lita dubu shida. Ni ne shugaban ƙungiya, ni na sa hannu a takardar, na aika wa kaina, na kuma biya. Marigu ta ce tunda yanzu iska muke saye, a riƙa rufe tagogi kada ta fita.

Shi kuwa Mbuko, duk ranar Asabar sai ya fito da tsohon babur ɗinsa bakin hanya yana wanke shi da tiyo. In ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Shugaba, ina kwana! Yaya tankinka? A gaishe shi da kyau!" Na ce masa, "Mbuko, wannan babur ko kwana uku ka jiƙa shi, sai an tura zai tashi." Na kawo wannan ne don ofishinka ya san halin da zaman lafiyar gari yake ciki.

4. Ranar 6 ga Nuwamba, 2023, muka nemi rance kashi na biyu, shilin miliyan goma sha ɗaya, don faɗaɗa matata da gina tanki na biyu a saman tudu. Amsarku ta zo ranar 22 ga Janairu, 2024, tana cewa "bisa alƙaluman da ke cikin fayil, ruwan da ake tacewa ya wadaci mazauna garin har da rarar lita dubu huɗu," saboda haka ko dai bututu ne ke yoyo, ko kuma ana satar ruwa.

Ranar 12 ga Fabrairu aka turo mana mutum biyar da sandunan sauraron bututu. Kwana uku suna yawo a gari suna kara kunne a ƙasa. Abin da suka samu: ɗigo ɗaya a bayan makaranta wanda ko kaza ba zai ƙosar ba, da wani tsohon bututu na zamanin Turawa wanda suka tono a tsakiyar dankalin Wambeti, babu komai a cikinsa sai tururuwa. Har yau ba a biya ta dankalinta ba, kuma ta ce in tuna maka.

A rana ta uku shugabansu ya zauna a ƙofar gidana ya cire hula, ya ce, "Baba, don Allah, ruwan nan ina yake zuwa?" Na ce, "Cikin mutane." Ya ce, "Waɗanne mutane?" Daidai lokacin aka tashi daga makaranta, yara suka kwararo kan hanya har babu wurin sa ƙafa. Ya dubi yaran, ya dubi takardar hannunsa, ya sake duban yaran, ya ce, "Ai waɗannan ba sa cikin fayil."

Yallaɓai, da dukkan girmamawa, kalmar "sata" ta yi mana ciwo. Mun yi ƙarya, wannan na amsa. Amma ƙaryar kanmu muka yi wa, kuma mu take ci.

5. Ranar Alhamis, 4 ga Afrilu, na zo ofishinka da kaina. Na shiga motar haya ta farko, na iso ƙarfe tara, aka ce kana taro. Na zauna a benci har ƙarfe uku, a nan muka saba da mai gadi. Daga bisani wani magatakarda mai jan lakataye ya saurare ni a tsaye. Ya ce ba a canza lambar da ke fayil sai da sabon ƙirge, sabon ƙirge kuma sai an turo ma'aikaci, kuɗin turo ma'aikaci kuma sai shekarar kuɗi mai zuwa. Fayil ɗin kuwa ranar 28 ga Yuni za a rufe shi, kason da aka tanadar mana ya wuce garin Ngurukiri da ke biye a layi, mu kuma mu koma baya mu jira wajen shekara shida.

Ba ma baƙin ciki da mutanen Ngurukiri. Wata 'yata a can take aure, na san irin ruwan da suke sha. Amma su ba su gama zana aikinsu ba tukuna, shugabansu da bakinsa ya gaya mini sai baɗi, mu kuwa bututunmu yana ƙasa yana jira.

Na yi wa magatakardan bayanin al'adarmu, na ce ko an sake turo wata yarinyar, shayi za ta sha ta dawo da "ba mu da yawa". Ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya ce, "To, Baba, sai ku je ku koyi ƙirga." Ni! Ni da na shekara talatin da huɗu a bakin sikeli, ina haɗa lissafin manoma ɗari takwas da fensir tun kafin a haife shi. Na yi masa godiya, don haka aka tarbiyyantar da mu. Amma a mota ban san lokacin da muka iso gida ba.

6. Yanzu ga abin da babu wasa a cikinsa. Tun watan Satumba matan Unguwar Tudu suka koma kogi, kilomita biyu a gangare, su hauro da jarka a baya, igiya a goshi, kamar yadda uwayensu suka yi. Marigu shekarunta sittin da shida, gwiwarta ɗaya ba ta lanƙwasawa. Tana wucewa ta gindin tanki da jarkar ruwan kogi, tankin da muke biyan bashinsa duk wata.

A watan Afrilu da aka yi ruwan sama mai yawa, kogin ya koma ja wur. Muna tafasawa, amma itace a jiƙe yake, kuma yaro inda ya ga ruwa nan yake sha. Jikata Gicuku, 'yar ɗana Njagi, mai shekara huɗu, ta kamu da taifot, ta yi kwana tara a asibitin mishan. Ma'aikaciyar jinya ta ce yara goma sha bakwai suka kwantar a watan daga unguwarmu kaɗai. Su a asibiti suna ƙirgawa. Gicuku ta dawo gida, tana cin abinci, har ta koma korar kaji, amma rigarta ta coci ta yi mata yawa. Damina ta gaba tana zuwa a watan Oktoba.

7. Yanzu mun zo kan wake. Ranar da na dawo daga ofishinka ina huci, na yi ta maimaita maganar mai jan lakataye har Marigu ta gaji. Ta ajiye ludayi ta ce, "Baban Njagi, kai da ka ƙare rayuwarka a kan sikeli, yaushe ka taɓa ƙirga 'ya'yan kofi ɗaya bayan ɗaya? Ba aunawa kake yi ba?" Na ce wannan daban. Ta ce, "Daban a ina?" Na yi kwana biyu ina juya maganar, a rana ta uku na kira taron kwamiti na gabatar da shawarar da sunana. Marigu ta ce ta yafe.

Ga yadda aka yi, dalla-dalla, don injiniyoyinku su duba. An ɗauki wake iri ɗaya daga gona ɗaya, ta Wambeti, aka tankaɗe, aka tsince manya da ƙanana, aka bar masu girma ɗaya. Matan adashi suka ɗauki gora mai ƙaramin baki da zane, suka bi gida-gida Lahadi huɗu a jere, daga 5 zuwa 26 ga Mayu, da dattijon coci ɗaya yana biye a matsayin shaida. A kowane gida, mai gida ya ɗebi wake, ya sa hannu a ƙarƙashin zane, ya tuna fuskar duk wanda ya kwana a gidan daren jiya, ya saki ƙwaya ɗaya ga kowace fuska. Ba a faɗin lamba, ba a kallo. 'Ya'yanmu da ke aiki a birni ba a sa su ba.

A gida na farko Wambeti ta tsayar da aikin. Ta ce ai ana jin ƙarar waken yana faɗawa, ƙwas, ƙwas, mai mugun kunne zai ƙirga. Daga nan aka tsara cewa mata su riƙa waƙa da tafi har mai gida ya zare hannu. A gidan Mbuko, mai mutum huɗu, sai da suka kai ƙarshen waƙar sau biyu suka fara ta uku. Da ya zare hannu Marigu ta ce, "Sannu, Mbuko, ashe huɗun naka da tsawo." Ya ce hannunsa ne ya maƙale.

Za ka iya tambaya: ta yaya za a san ba a ƙara wake ba? Yallaɓai, mutanen da suka yarda su sha iska wata tara don kada a san yawansu, ba su ne za su saki ƙwaya don wanda babu shi ba. In akwai kuskure, ragi ne.

Ranar Laraba, 29 ga Mayu, aka juye gorunan wuri ɗaya aka gauraya, ta yadda babu mai sanin waken wane gida ne wannan. Aka kai rumbun kofi, a kan ƙaramin sikelin da mai duba ma'auni ya buga wa hatimi a watan Janairu, a gaban Cif da Fasto da shugabar makarantar firamare. Na ƙirga ƙwaya ɗari daga ragowar da ba a yi amfani da shi ba, na auna sau uku, giram hamsin cif duk sau ukun. Sannan na ɗora waken gari duka: kilo biyu da giram ɗari uku da hamsin. Shugabar makaranta, wadda ba 'yar nan ba ce, ta yi lissafi a tafin hannunta ta ce, "Wake dubu huɗu da ɗari bakwai ke nan." Wake ta ce, ba ta ce mutane ba, kowa kuma ya koma gida hankalinsa a kwance.

In aka raba lita dubu tamanin a kan wannan waken, kowace ƙwaya lita goma sha bakwai take samu. Sashe na 14 arba'in ya ce.

8. Na yi alkawarin dawowa kan maganar gidana. Na so in tsallake ta, Marigu ta ce in na tsallake ba za ta ba ni kuɗin kan sarki ba.

A shekarar 1984, shekarar fari, an kawo wa ma'aikatan rumbu takardar rabon masarar agaji, ana tambayar yawan 'ya'ya. Lokacin ina da shekara talatin da ɗaya, na yi makaranta, ina ɗaura agogo, ina ganin al'adun tsofaffi shirme ne. Na cike takardar a tsakar gida, a gaban mahaifiyata, na nuna yarana da alƙalami ɗaya bayan ɗaya, na ce da ƙarfi, "Biyar." Mahaifiyata ta rufe bakinta da hannu. A watan Oktoba na shekarar, ƙaramarsu, mai shekara uku, ta kamu da gudawa, kwana huɗu ta yi, ta rasu. Likita ya ce ruwan kogi ne. Na yarda da likita, har yau na yarda. Mahaifiyata ba ta taɓa ce mini komai a kai ba har ta bar duniya, da ma ta ce. Sunan yarinyar Gicuku. Njagi sunan ƙanwarsa ya sa wa 'yarsa.

Shi ya sa da Malama Adhiambo ta tambaye ni, bakina ya ce biyu kafin kaina ya yi tunani. Shi ya sa kuma na riƙe mata lema na bar gari duka ya yi irin tawa. Da ni kaɗai na yi magana a lokacin, da tankin nan ya ninka haka.

A asibitin mishan, ina zaune a bakin gadon jikata ina kallon ruwan da ake ƙara mata yana ɗiga, na yi lissafin da na shekara arba'in ina gudu. Na ƙirga, kogi ya ɗauki ɗaya. Na ƙi ƙirgawa, kogin nan dai ya dawo neman mai sunanta. To, ashe ba alƙalamina ba ne.

Na saki wakena a gora kamar kowa. Amma jiya Lahadi, bayan coci, ana cin abincin rana a tsakar gida, na ɗauko kwafin takardar ƙirgen gidana ta 2021, na miƙe tsaye, na fara nuna su da yatsa ina faɗa da ƙarfi. Marigu ta tsaya da ludayi a hannu. Njagi ya ce, "Baba, lafiya?" Ban tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan ƙarasa ba. Gicuku ta zaci wasa ne, ta yi ta tsalle tana cewa, "Kaka, ni fa? Ni ce ta nawa?" Na ce, "Ke ce ta goma sha ɗaya." Ta tafi tana gaya wa kaji.

Saboda abubuwan da suka gabata, a madadin Ƙungiyar Masu Amfani da Ruwa ta Kiamwitha, ina roƙon ofishinka mai daraja:

(a) A dakatar da rufe fayil mai lamba KM/117, a sake duba buƙatarmu ta rance kashi na biyu kafin ranar 28 ga Yuni. Bashi muke nema, ba kyauta ba, kuma masu biyan sun ninka abin da kuke zato.

(b) A karɓi wannan wake a matsayin sabon ƙirge. In ana shakkar sikelina, a ba mai jan lakataye ya ƙirga shi ƙwaya-ƙwaya a kan teburinsa, tunda shi ya iya. A wurinku wake ne kawai, babu abin da zai sami kowa.

(c) A janye kalmar "sata" daga takardar 22 ga Janairu, a rubuce.

(d) A turo wanda zai hana mitocin Unguwar Tudu juyawa da iska.

(e) Kada a taɓa Malama Adhiambo. Laifin na mai riƙe lema ne.

(f) In an gama, a dawo da waken. Wambeti ta ce iri ne, aro ta bayar, kuma ba ta manta da dankalinta ba.

Ina neman afuwa bisa tsawon takardar da kuma duk inda harshena ya zarce. Tsoho ne da famfonsa ba ya zuba, lokaci ya yi masa yawa. Ƙofar gidana a buɗe take ga duk wanda za ka turo, akwai shayi, kuma in ya tambaya zan ba shi amsa da lamba. Roƙona kawai ya zo kafin ruwan Oktoba, ya tarar da mu kamar yadda na rubuta.

Na gode da lokacinka. Allah ya ƙara girma.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Jotham Ireri Mvungu
Shugaban Ƙungiya, tsohon magatakardan awo

Abubuwan da ke haɗe:
1. Jakar wake, kilo 2 da giram 350, an ɗaure an buga hatimi.
2. Takardar shaidar awo, mai sa hannun Cif da Fasto da shugabar makaranta.
3. Takardar gidana, na gyara da hannuna. Inda aka rubuta biyu na soke, na rubuta goma sha ɗaya.